Tun Ran Gini Ran Zane: Gobarar Shago da Harshen Inshora a Iyakar Bagudo

A watan Maris na shekarar 2016 gobara ta cinye ɗimbin shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a cikin watan kuma ta afka wa babbar kasuwar Birnin Kebbi. A Janairun 2021 aka wayi gari babbar kasuwar Sakkwato tana ci da wuta, kafin Maris ya ƙare ta Katsina ta bi sahu. Abin da ke biyo bayan irin wannan musiba sananne ne: shugabanni su zo jaje, a kafa kwamiti, masu hali su yi alkawarin gudummawa, 'yan kasuwa su shiga tonon toka. Wanda ba a cika jin ɗuriyarsa ba shi ne kamfanin inshora, domin mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su taɓa hulɗa da shi ba. A Nijeriya baki ɗaya, abin da ake zubawa a inshora bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba. Idan aka tambayi ɗan kasuwa dalili, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce yana shakkar halaccinta a addini, ko ya ce masu inshora sun iya karɓa amma ba su iya biya ba.

Amsa ta biyun ce ta fi damuna, domin tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba a cika tsayawa a bi diddiginta ba. Ra'ayina shi ne, mafi yawan hujjojin da kamfani ke kafawa ya ƙi biyan diyyar gobarar shago an shuka su ne tun ranar da aka cika fom aka sa hannu. Ranar gobara girbi kawai ake yi. Shagon da aka rubuta a takarda da Ingilishi daban yake da shagon da ake buɗewa kowace safiya ana ciniki da Hausa, kuma a tazarar da ke tsakaninsu haƙƙin mai shago yake salwanta. Na zaɓi duba lamarin ta fuskar Bagudo da iyakarta da Jamhuriyar Benin, saboda a can tazarar ta fi fitowa fili. Ina kuma ganin masana Hausa suna da kaso a cikin gyaran.

Kasuwancin Bakin Iyaka

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma a cikinta ake samun garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya. Daga Lolo ake tsallakawa zuwa Madekali, daga Tsamiya kuma zuwa Segbana, dukansu a arewacin Benin. Kasuwanci a wannan yanki ya girmi iyakar da kanta. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Borgu suke bi bayan sun ƙetare kogi, kamar yadda Mahdi Adamu da Paul Lovejoy suka nuna a ayyukansu na 1978 da 1980. Sai a 1898 Ingila da Faransa suka raba Borgu a tsakaninsu, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransawa. Layin ya raba hukumomi da harsunan mulki da kuɗin ciniki, amma dangi da abokan hulɗa suna nan a ɓangarorin biyu har gobe.

Wannan kasuwanci a kan amana da bashi da shaidar baki aka gina shi. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar da shanu bashi bisa lamunin maigida, ba tare da kotu ko rubutacciyar yarjejeniya ba. Tsarin yana aiki domin kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana ya rasa kasuwa. Ita kuwa inshora an ƙirƙire ta ne don mutanen da ba su san juna ba. Kamfanin da ke Legas ko Abuja bai san mai shagon Tsamiya ba, bai san ubansa ba, bai san wanda zai tsaya masa ba. Abin da ya sani shi ne abin da ke cikin fom. Duk hujjojin da za su biyo baya daga nan suka samo tushe.

Inda Kamfani Ke Samun Hujja

Hujja ta farko ita ce ɓoye bayani, ko rashin faɗinsa. Dokar inshorar da Nijeriya ta gada daga Ingila ta ɗora wa mai neman inshora nauyin bayyana duk abin da zai sa kamfani ya ƙara kuɗi ko ya ƙi karɓar shagon. Asalin ƙa'idar shi ne hukuncin Alƙali Mansfield a shari'ar Carter da Boehm ta 1766. A bakin iyaka, babban abin da ake yin shiru a kansa shi ne man fetur. A Nuwamban 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita ashirin daga iyaka, sai fetur ya koma jarkoki da hannun 'yan bumburutu. Ko bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, mai shagon da ke da janareta ko babur ba ya rasa jarka a bayan kanta. A ƙaddara an rubuta a fom cewa shagon kayan masarufi ne, sannan mai ƙiyasta asara ya tarar da narkakkun jarkoki goma a cikin toka. Kamfani zai ce shagon da ya karɓa ba shi ne ya ƙone ba, kuma da wuya a ce ya yi ƙarya. Gobarar da ta tashi a wani rumbun fetur ɗin fasa-ƙwauri a Seme-Podji ta kudancin Benin a Satumban 2023, wadda ta kashe fiye da mutum talatin, ta isa ta nuna dalilin da ya sa masu inshora ba sa wasa da wannan batu.

Hujja ta biyu ita ce tambayar kayan wane ne suka ƙone. Ba a biyan mutum diyyar abin da doka ba ta san yana da haƙƙi a kansa ba. A shari'ar Macaura ta 1925, wani mutum ya sayar da katakonsa ga kamfanin da shi ne ke da kusan dukkan hannun jarinsa, ya yi wa katakon inshora da sunan kansa, gobara ta cinye shi, kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta ce ba shi da abin karɓa domin katakon na kamfani ne. To a dubi shagon Bahaushe. A cikinsa akwai kayan da ya saya da kuɗinsa, da waɗanda ya karɓo a kan in an sayar a biya, da buhunan da maƙwabci ya ajiye, da kayan ɗakin da wata 'yar'uwa take tarawa don auren 'yarta. Duka yana kiransu kayana, domin idan suka salwanta shi za a tuhuma. Takardar inshorar gobara ta yau da kullum kuwa tana cire kayan amana da na dillanci da tsabar kuɗi daga lissafi, sai fa in an ambace su tun farko. Doka ba ta hana a yi musu inshora ba. Abin da take nema shi ne a faɗa. Haka kuma idan maigida ya sallami yaronsa ya bar masa shagon, ba tare da an sanar da kamfani ba, sunan da ke takarda ya zama na wanda ba shi da shago, mai shagon kuma ba shi da takarda.

Hujja ta uku ta shafi wuri da lokaci. Inshorar gobara tana bin ginin da aka ambata ne. Idan aka kwashe rabin kaya aka kai sito a wani lungu saboda shago ya cika gabanin salla, kayan sun fita daga kariya. Idan aka tsallaka da su Segbana don cin kasuwa suka kwana a ɗakin mai masauki, sun fita daga ƙasar ma gaba ɗaya, sun shiga inda wata doka ke aiki, domin Benin da Nijar suna cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar inshora ta CIMA a Yawunde a 1992. Akwai kuma sharaɗin da ke dakatar da kariya idan aka bar wuri a kulle ba kowa na wani tsawon lokaci, yawanci kwana talatin. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi bai yi tunanin ɗan kasuwar da ke rufe shago ya koma gona da damina ba, balle wanda ciniki ya tsaya masa cik lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Da aka fara buɗewa a Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka buɗe. Kamba, maƙwabciyar Bagudo, sai a Afrilun 2022.

Hujja ta huɗu ita ce kuɗin inshorar kansa. Dokar Inshora ta 2003, wadda ta yi aiki shekara ashirin da biyu kafin Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar a 2025, ta ce a sashe na 50 babu yarjejeniya sai an biya kuɗi tukuna. A ƙarƙashin wannan doka aka tsara mafi yawan fom da takardun da mutane suka saba da su, don haka da ita zan riƙa kafa misali. A kasuwa, idan mutumin kirki ya ce zai kawo cikon kuɗi ranar kasuwa mai zuwa, ciniki ya faɗa. A inshora bai faɗa ba. Wanda shekararsa ta cika ranar Litinin, ya yi niyyar sabuntawa ranar Alhamis, wuta ta tashi daren Laraba, ba shi da abin nema.

Hujja ta biyar ita ce rashin shaida. Mai neman diyya ne zai tabbatar da abin da ya yi asara, alhali littafin bashi da rasit galibi a cikin shagon suke kwana, tare suke ƙonewa da kayan. Wanda ya tsira da nasa ma, zai iya kasancewa da ajami ya rubuta shi, ko rasit ɗin da Faransanci yake kuma da sefa aka yi lissafi. Idan kayan sun shigo ta barauniyar hanya, kamar shinkafar waje da aka haramta shigo da ita ta iyakokin tudu tun Maris na 2016, babu takardar kwastan da za a nuna, kuma kotu ba ta tilasta a biya diyyar haramtaccen kaya. Sannan akwai wa'adin kwanaki da ake gindayawa na sanar da kamfani a rubuce, da neman rahoton 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana. A waɗannan kwanaki kuwa mai shago yana zaune yana karɓar jaje. Maƙwabta, saboda zumunci, sukan yi gayya washegari su kwashe toka da ƙonannun kwanoni don a samu a sake kafa rumfa. Kafin mai ƙiyasta asara ya iso daga birni, an share shaidar da zai duba.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Ɗan kasuwa ya saba da cewa farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba: a yi suna, a taya, a ce albarka, a daidaita a tsakiya. Idan ya ɗauki wannan ɗabi'a ya shiga da ita neman diyya, ya ce asararsa miliyan takwas ce alhali biyar ce, yana jiran a rage, takardar inshora zamba take kiran abin da ya yi, kuma hukuncinta shi ne ya rasa duka, har da biyar ɗin da take halalinsa.

Hujja ta shida ba ƙin biya ba ce gaba ɗaya, ragi ne, amma a wurin mai shago ɗacinsu ɗaya. Idan ƙimar da aka rubuta ta gaza ainihin ƙimar kayan ranar gobara, ana biya ne gwargwadon kason da aka yi wa inshora. A ƙaddara an rubuta naira miliyan huɗu, ranar gobara kuwa kayan sun kai miliyan goma, wuta ta ci na miliyan biyar. Mai shago zai zaci miliyan huɗu zai karɓa. Miliyan biyu za a ba shi, domin kashi huɗu cikin goma na kayansa kaɗai ya biya wa kuɗi. Mutumin bakin iyaka ya fi kowa shiga wannan hali. Da sefa yake saro wani kason kayansa, sefa kuma a ɗaure take da yuro, don haka da darajar naira ta faɗi bayan Babban Banki ya sake ta a Yunin 2023, ƙimar kayansa ta tashi alhali bai ƙara ko kwali ɗaya ba.

Ta ƙarshe ita ce zargin cewa mai shago ne ya cinna wutar da kansa. A nan doka ta fi karkata ga ɗan kasuwa fiye da yadda ake zato. Sakaci irin na ɗan Adam, kamar manta fitila ko barin fanka a kunne, a ƙa'ida ba ya hana diyya, domin saboda irinsa aka yi inshorar. Ganganci ne ke hanawa, kuma kamfani ne zai tabbatar da shi. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk wanda ya jingina wa wani aikata laifi, ko da a shari'ar da ba ta laifi ba ce, sai ya kawo hujjar da ta kawar da shakka. Wutar da aka cinna a lokacin tarzoma kuwa ba ta cikin inshorar gobara ta yau da kullum sai an ƙara ta an biya mata kuɗi daban.

Laifin Wa?

Ba adalci ba ne a ce duk lokacin da kamfani ya ƙi biya zalunci ya yi. Kuɗin da ke hannunsa na dubban mutane ne da suka zuba, kuma idan aka biya wanda ya ɓoye fetur daidai da wanda ya faɗi gaskiya, mai gaskiyar ne zai ɗauki nauyin a ƙarin kuɗin baɗi. Ɗan kasuwar da ya san yana ajiye mai ya ce ba ya yi, ko ya kumbura asara da gangan, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sai dai ƙa'idar gaskiya da Mansfield ya kafa ta hau kan ɓangarorin biyu ne. Dokar 2003 ma ta yi ƙoƙarin daidaita ma'auni. Sashe na 54 ya ce duk bayanin da kamfani bai tambaya a fom ba, ba zai dawo ya ce yana da muhimmanci ba. Sashe na 55 ya ce saɓa wani sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da alaƙa da haɗarin ko asarar da aka yi wa inshora. Sashe na 70 ya wajabta wa kamfanin da ya ƙi biya ya ba da dalilinsa a rubuce cikin kwana casa'in. Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙorafi ga NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 don kula da harkar. Waɗannan kariya ce ta gaske, amma mutum nawa ne a kasuwar Lolo suka taɓa jin labarinsu da harshen da suke fahimta?

A cikin sashe na 54 ɗin nan akwai wani tanadi da ya tattara matsalar wuri ɗaya. Ya ce wakilin kamfani da ya taimaka wa mai neman inshora ya cika fom, a wannan aiki ana ɗaukarsa wakilin mai neman ne, kuma a buga wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a jikin fom. Ma'ana, idan wakili ya rubuta ba daidai ba, ko don gaggawa ko don kada ciniki ya kuɓuce masa, a wuyan mai shago kuskuren zai rataya. Gargaɗin kuma da Ingilishi ake buga shi, ga mutumin da bai nemi taimakon wakili ba sai don bai iya Ingilishi ba. Sashen ya ƙara da cewa abin da aka faɗa wa wakili kamar an faɗa wa kamfani ne, matuƙar bai wuce hurumin aikinsa ba. Amma magana ce ta fatar baki da aka yi da Hausa a bakin kanta, ita kuwa takarda tana ɗauke da sa hannu. Kowa ya san wadda za ta fi nauyi a gaban alƙali.

Tsallaken iyaka akwai abin koyi. Kundin CIMA ya bambanta wanda ya yi ƙarya da gangan da wanda ya yi kuskure ba da mugun nufi ba: na farko yarjejeniyarsa ta ɓaci, na biyu kuwa ana rage masa diyya ne gwargwadon bambancin kuɗin da ya biya da wanda ya kamata ya biya. Ingila ma, wadda muka gaji tsauraran ƙa'idojin daga gare ta, ta koma ga irin wannan sassauci a dokarta ta 2015. Sai dai ɗan kasuwar Segbana da ke jin Dandanci ko Boko ko Hausa shi ma da Faransanci ake miƙa masa takarda. Ta fuskar harshe, jirgi ɗaya ya ɗebo mu.

Kason Masana Hausa

Fassara takardar inshora ba aikin canza kalma da kalma ba ne, domin kalmomin da suka fi saurin zuwa baki su ne suka fi ɓatar da mai sauraro. Idan aka kira kuɗin inshora zubi, an kawo adashi cikin magana, kuma duk wanda ya yi zubi yana jiran ranar kwasa. Idan shekara ta ƙare ba gobara ba a mayar masa da komai ba, zai ga an cuce shi. Diyya a kunnen Bahaushe abu ne da wanda ya yi ɓarna ko hukuma ke biya, kuma dattawa na iya zama su daidaita adadinta, alhali a inshora ma'anarta mayar da mutum inda yake kafin asara, ba ƙari. Haɗari yana nufin abin da ya riga ya faru, yana kuma nufin abin da ake tsoron faruwarsa, su kuwa masu inshora a kan bambancin biyun suke gina lissafinsu. Garanti a kasuwa alkawari ne da mai sayarwa ke yi wa mai saye, amma 'yar'uwar wannan kalma a takardar inshora alkawari ne da mai shago ke ɗaukar wa kamfani, wanda saɓa shi ke iya jawo masa asarar haƙƙi. Na riga na ambaci kayana, wadda ta fi abin da doka ke kira mallaka faɗi nesa ba kusa ba.

Ba daga sifili za a fara ba. An yi aikin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, an yi ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Harkar kuɗi da kasuwanci ce ba ta samu irin wannan kulawa ba. Akwai kuma wata taska da ke kusa da mu: babukan ciniki da ajiya da jingina na littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala da Askari da Muhtasar, waɗanda malaman zaure suka shafe ƙarnuka suna fassarawa da Hausa. Kalmomi irin su lamuni da amana da ajiya da garari da sakaci sun riga sun samu tsayayyar ma'ana ta shari'a a kunnen ɗan kasuwar da ya zauna gaban malami. Mai ƙirƙirar kalmomin inshora da ya tsallake wannan taska ya tafi ƙago sababbi ya wahalar da kansa ya wahalar da jama'a.

Za a iya cewa wannan duk ɓata lokaci ne tunda 'yan kasuwar Bagudo da ke da inshora ba su taka kara sun karya ba. Amsata ita ce, labarin mutum ɗaya da aka hana diyya yana zagaye kasuwa fiye da tallar shekara guda, kuma shi ne ke hana sauran shiga. Ga shi kuma mutane suna shiga inshora ba da saninsu ba, ta hanyar rancen banki da ake haɗawa da ita. Za a iya cewa kuma takarda mai harshe biyu tana haifar da gardamar wanne ne abin dogaro. Gaskiya ne, amma matsala ce da aka san maganinta: a ayyana wanda zai rinjaya idan aka samu saɓani, kuma a ganina wanda mai shago ya karanta ya fahimta shi ya kamata ya rinjaya. Lardin Kubek na Kanada tun 1977 ya wajabta a rubuta irin waɗannan shiryayyun yarjejeniyoyi da Faransanci, harkar inshora kuma ba ta rushe a can ba.

Wasu za su ce takaful ya riga ya raba gardama. Babu shakka ya amsa damuwar farko, ta halacci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai ɓata ciniki, ta halatta ta taimakon juna. Sudan ta riga ta kafa kamfanin farko a 1979. A Nijeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. Amma takaful ma yana da fom, yana da sharuɗɗa, yana da kayan da ya cire daga lissafi, kuma zai iya ƙin biyan wanda ya ɓoye fetur ko ya makara wajen sanarwa. Hasali ma nauyin bayani ya fi hawa kansa, domin tsarin da aka kafa don guje wa garari ba zai yi wa mutum bayanin da bai fahimta ba sannan ya ce garari ya kau.

Kammalawa

Abin da nake kira a yi ba shi da tsada. NAICOM ta wajabta wa duk kamfanin da ke sayar da inshorar gobara a ƙasar Hausa ya haɗa da shafi ɗaya na Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da abin da aka karɓa, da abin da aka cire, da abin da za a yi a kwanakin farko bayan gobara. Fom ɗin kansa ya yi tambayoyin da suka dace da shagon da ake da shi a zahiri: ana ajiye fetur, kuma nawa? Akwai kayan mutane? Akwai sito? Ana rufewa da damina? Ana tsallaka iyaka da kaya? Idan wakili ne ya cika, a naɗi muryarsa a waya yana karanta wa mai shago amsoshin da Hausa. Shugabannin kasuwa su kuma su koya wa mutanensu ɗaukar hoton littafi da rasit a ajiye a gida, da sabunta ƙimar kaya idan farashi ya tashi, da barin toka yadda take har mai ƙiyasta asara ya gani.

Namu kason shi ne kalmomin. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Bayero da Ahmadu Bello suna da ɗaliban da ke neman batun bincike kowace shekara. Ɗalibi ɗaya zai iya zama a kasuwannin Bagudo da Tsamiya da Lolo ya tattara yadda 'yan kasuwa ke magana a kan asara da bashi da lamuni, wani ya bi babukan ciniki a zauren malamai, na uku ya zauna da lauya da ma'aikacin inshora su fassara takardar gobara guda ɗaya, sannan a kai ta kasuwa a karanta wa masu shaguna a ji abin da suka fahimta. Hunturu yana dawowa kowace shekara da iskarsa, gobarar kasuwa kuma ta fi yawa a cikinsa. Gemun maƙwabta a Birnin Kebbi da Sakkwato ya riga ya kama wuta, ya kamata aikin ya fara kafin wani hunturun ya zagayo.